Ƙishirwa ce ta kusa ƙarar min da tururuwa a cikin firiji

Duk wanda ka tambaya yadda ake sa tururuwa barcin hunturu, zancen digiri zai yi maka: ajiye su tsakanin 5 da 10 a ma'aunin Salshiyas, daga wajen Nuwamba zuwa Maris. Gaskiya ne, kuma haka na yi. Gida biyu gare ni na Lasius niger, baƙar tururuwar lambu ta Turai, ƙarami a kwalbar gwaji mai ruwa da toshiyar auduga, babba kuma a gidan filasta, wato farin gari irin siminti da ake kwaɓawa ya daskare, mai shan ruwa. Na daina ba su ƙwari, na bar musu ruwan sukari, na riƙa rage musu zafi kaɗan-kaɗan, sannan na shigar da su ƙaramin firiji, nesa da bangon baya inda ƙanƙara take taruwa.

Abin da yake ci min rai har yau shi ne babu wanda ya ja min kunne a kan ruwa. Ƙanƙarar nan ta bangon baya ai daga iskar cikin firijin take fitowa, wato firiji zuƙe danshi yake yi dare da rana. Ma'aunin zafi yana ta nuna min 7, hankalina kwance, ashe filastar tana ta bushewa. Ranar da na yaye murfin na haska sosai, sai ga gawarwakin ma'aikata birjik a ɗakunan gefe. Sauran sun dunƙule da sarauniya da tsutsotsin 'ya'yanta a kusurwa ɗaya tilo da ta rage da ɗan danshi. Na cikin kwalba kuwa lafiya lau, don audugar tana jawo musu ruwa ba fashi. Firiji ɗaya, sanyi ɗaya, ruwa kaɗai ya raba su.

Tururuwar da take wannan barci ba ta damu da abinci ba, amma jikinta bai daina rasa ruwa ba. A dawa, ƙasa mai danshi ce take rufe da ita har sanyi ya wuce. Mu da muka raba ta da ƙasar, wannan nauyin a kanmu yake.

Hannuna na rawa na ɗiga wa filastar ruwa, ɗigo-ɗigo, don idan ka kwarara da yawa, tururuwar da sanyi ya sandarar ba ta iya gudu, nutsewa za ta yi. Kuma kada ka yi gaggawar share waɗanda suka yi kamar matattu. Na ware su a wani mazubi a wuri mai ɗan ɗumi, wasu suka fara motsa ƙafa, na mayar da su cikin 'yan'uwansu. Mafi yawa dai sun tafi.

Sarauniyar wannan jinsi an taɓa samun wadda ta yi kusan shekara 29 a hannun mai kiwo. In na tuna cewa bushewar filasta ta 'yan makonni ce ta kusa kashe tawa, sai gabana ya faɗi. Alhamdulillahi, da Maris ya yi na dawo da su ɗumi sannu a hankali, na fara da ruwan sukari kafin ƙwari, ba a daɗe ba ta koma saka ƙwai.

Af, duk wannan na tururuwar ƙasashen sanyi ne. Ta ƙasashe masu zafi ba ta buƙatar firiji, zai ma iya kashe ta. Messor barbarus ta yankin Bahar Rum kuwa sanyi mai sauƙi take so, wajen digiri 15.

Yanzu gidan filastar yana shiga akwatin roba mai 'yan ramukan iska, da jiƙaƙƙen soso a gefe, kuma na haɗa masa kwalbar ruwa mai auduga. Kowane mako sai na buɗe na duba danshi tukuna, kafin in kalli ma'aunin zafi.