Gudun safe a Abuja ba irin na Jos ba ne

Ni dai a Jos na tashi, tun ina sakandare nake fita gudun safe, in tashi daga Anguwan Rogo in bi Bauchi Road in dawo ko a jikina. Jos kan tudu take, wajen mita 1,200, iskarta akwai sanyi-sanyi ko da bazara. To da aiki ya kawo ni Abuja sai na ɗauka ai gudu gudu ne.

Wata Asabar farkon watan Mayu, an sha ruwa da daddare, na fita bakin Jabi Lake wajen ƙarfe bakwai da rabi. Rana ba ta wani ɗaga ba amma iska ta tsaya cak, kamar an kifa wa garin tukunya. Ban kai kilomita uku ba riga ta manne min a baya, gumi na shiga ido, kai ya fara sarawa, can kuma sai tsigar jikina ta tashi ina jin wani sanyi-sanyi a cikin wannan zafin, wallahi abin ya ba ni tsoro. Wani dattijo da ke tafiyarsa a hankali ya kalle ni ya ce, "Samari, zo inuwa ka zauna." Ya sayi fiya wata biyu, ya ce in sha ɗaya kaɗan-kaɗan, ɗayan in zuba a wuya da ƙeya. Na ce, "Baba, na gode, Allah ya saka." Ya ce Abuja sai an bi ta a sannu.

Daga baya na gane gumi ba ya sanyaya jiki sai in ya bushe. Da hunturu iska busasshiya ce, kana yi yana bushewa. Amma in damina ta kama iskar kanta ta ƙoshi da laima, gumin sai dai ya yi ta ɗiga ƙasa a banza, ruwa da gishirin jikinka na tafiya, zafin kuma yana nan ciki, zuciya na ta aiki biyu. Ko manyan 'yan tsere ba su tsira ba, a gasar duniya ta Doha a 2019 tsakar dare aka saki gudun fanfalaki na mata saboda zafi, amma cikin 68 da suka fara, 28 ba su ƙarasa ba.

Shi ya sa raina ke ɓaci in na ga masu sa rigar leda, wasu har da jaket a kai, wai suna ƙona tumbi. 'Yan uwa, wannan ruwa ne ke fita ba kitse ba, kana shan ruwa nauyin zai dawo, ƙodarka ce kawai ke shan wahala.

Yanzu ana sallame Asuba nake ɗaura takalmi, kafin bakwai na dawo gida. Riga mara nauyi mai haske, gorar ruwa a hannu. Sai da na yi kusan sati biyu ina haɗa gudu da tafiya kafin jikin ya saba. Ranar da na yi nisa nakan haɗa ruwan gishiri da suga, lita ɗaya, ƙaramin cokali shida na suga, rabin ƙaramin cokali na gishiri, kuma ina duba fitsari, in ya yi ja kamar shayi to ruwa bai isa ba. In ka ga abokin gudunka ya fara layi ko yana magana ba kan gado, kar ka tsaya jira, a kai shi inuwa a yi ta kwara masa ruwa ana fifita, a nufi asibiti.

Na sake haɗuwa da Baban nan satin da ya wuce, wajen shida saura, ya ɗaga min hannu ya ce yau ka zo a kan lokaci.