Fetur Mai Rahusa da Lafiyar Inji: Abin da Aikin Gareji Ya Koya Mana

Tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu, 2023, farashin lita ya daina zama ɗaya. A titi guda cikin Birnin Kebbi sai ka ga gidajen mai uku, kowa da kuɗinsa a allo. Shi ya sa tambayar ba ta yankewa a gareji: "Malam, wannan mai rahusar ba zai kashe mini inji ba?" Mutane sun riƙe cewa araha ba ta ado. A harkar fetur kuwa, kwance tanki da wankin nozul (bakin da ke fesa mai a cikin inji) sun nuna mana cewa farashin allo ba ya gaya maka ingancin mai. Hanyar da man ya biyo kafin ya shiga tankinka ita ce abin dubawa.

Tushen man kusan ɗaya ne. Ko daga matatar Dangote ta Lekki ya fito, wadda ta fara sayar da fetur a Satumban 2024, ko ta jirgin ruwa aka shigo da shi, tankar babban kamfani da ta ɗan kasuwa mai gidan mai guda sukan yi lodi a daffo ɗaya, su biyo ta Mokwa, Kontagora, Yawuri har Jega. Bambancin naira ashirin ko talatin yawanci kuɗin dako ne, ko ranar da aka sari kayan, ko ribar da mai gidan ya yarda ya rage. Wasu manyan kamfanoni kan ƙara sinadarin wanke nozul. Yana da amfani a tsawon lokaci, amma rashinsa ba ya kwantar da mota. Idan kuma ɓarnar daga tushe take, ba ta zaɓen suna. A farkon 2022 an shigo da fetur mai yawan sinadarin metanol daga Antwerp ta ƙasar Beljiyam, kamfanin NNPC ya tabbatar, motoci da dama suka lalace, kuma ba a ƙananan gidajen mai kaɗai aka saye shi ba.

Babban abokin gabar inji a nan shi ne ruwa. Tankin gidan mai a ƙasa yake binne. Da damina, murfin da robarsa ta mutu ko tankin da tsatsa ta huda sai ya riƙa shan ruwa. Ruwa ya fi fetur nauyi, don haka yakan kwanta a gindi tare da laka da tsatsa. Gidan da ya san aikinsa kan shafa maganin gano ruwa a sandar awo kowace safiya. Launinsa na sauyawa an san akwai ruwa, a zuƙe. Gidan da bai damu ba sai man ya yi ƙasa famfo ya fara jawo dagwalon. Saboda haka kada ka sha mai lokacin da tanka ke juye kaya, domin abin da ya kwanta duk ya tashi. Ka ba shi sa'o'i. Kuma gidan da motocin haya ke cika kullum ya fi wanda mai ke wata guda a tankinsa, ko da na biyun ya fi fenti da fitilu. Direbobin tasha ba sa yafe wa gidan da ya taɓa ba su ruwa, kuma shaidarsu abar kamawa ce.

Sai man bumburutu. A Nuwamban 2019 hukumar Kwastam ta hana kai mai gidajen da ke cikin kilomita 20 daga kan iyaka, garuruwa irin su Kamba suka koma dogaro da jarka. Ba kowane ɗan bumburutu ne mai algus ba, da yawansu daga gidan mai suke sarowa. Matsalar ajiya ce. Galan da ke shan ranar Afrilu, zafi ya haura digiri 40, ɓangaren fetur mai saurin kamawa yana tsiyayewa a iska, ragowar ya yi ja ya fara danƙo. Motar sai ta ƙi tashi da safe. Ga ƙurar hunturu a mazurari, ga jarkar da jiya gas aka zuba mata. In dole ta sa, sayi abin da zai kai ka gidan mai, a tace da ƙyalle mai tsabta.

Gwaji ba wuya, amma a yi shi nesa da wuta da taba. Zuba man a farar kwalba ka ajiye minti goma: ruwa zai ware a ƙasa, mai kyau kuma garau yake, ba gauraye ba. Ɗiga kaɗan a farar takarda: fetur zalla yana bushewa ba tabo, wanda aka haɗa da gas ko kananzir yana barin maiƙo. Na uku shi ne na metanol. Zuba ruwa mililita 10 a siririyar kwalba, yi alama a inda ya tsaya, ƙara fetur mililita 90, girgiza, bar shi ya kwanta. Idan layin ruwan ya haura alamar sosai, akwai sinadarin a ciki, kuma shi ke cin tiyo da robobin famfo.

Batun oktan, wato lambar da ke nuna juriyar fetur ga matsi a cikin inji, gajere ne. Golf, Corolla, Sharon da Hiace da ke hanyoyinmu suna tafiya lafiya da 91. Masu turbo da yawa 95 suke so, duba bayan murfin tanki. Idan oktan ya gaza, a hawan tudu za ka ji ƙara kamar ana kaɗa tsakuwa a gwangwani. Motar zamani takan ja taimin baya da kanta, sai ƙarfi ya ragu, shan mai ya ƙaru. Tsohuwa mai kafireta ba ta da wannan kariya, fistin ne ke shan wuya.

Akwai rahusar da a mita ake cinye ta. A ce lita naira 1,000 ce, wani ya sa 980, amma lita gomansa tara da rabi ce. Ka biya 9,800, litar ta kama maka sama da 1,030. Jarka mai alamar lita goma tana tona wannan, kuma hukumar NMDPRA mai kula da harkar sayar da mai ake kai wa ƙara.

Idan mugun mai ya riga ya shiga, mota na fizga, tana mutuwa a silo, a daina matsa mata ki. A sauke tanki a zubar da komai, a wanke, a shanya. A sauya filta, a duba rariyar famfo, a wanke nozul, a kwance fulogi a gani. A auna ƙarfin famfo da geji: yawancin motoci masu nozul wajen "bar" 3 zuwa 4 suke bayarwa a ma'aunin gejin. In gas ne ya shiga, a juye baƙin mai ma, domin wanda bai ƙone ba yana gangarawa ta ringi ya tsinka shi. Wanda ya ci gaba da tuƙi a haka, man da bai ƙone ba zai wuce salansa ya narka indomi, wato matatar hayaƙi da ke jikin salansa, kuma wannan ya fi duk sauran tsada.

Abin da ke damunmu shi ne yadda ake ɗora wa mai laifin da ba nasa ba. Makaniki ya ce "Alhaji, man da ka sha ne," alhali ko kwalba bai ɗiba ba. Fulogi da ya tsufa, koyil mai rauni da filtar iska da ƙura ta toshe duk suna kawo fizga iri ɗaya. Famfon da ya ƙone ma sau da yawa ɗabi'ar mai mota ce: a cikin tanki yake, fetur ɗin ne ke sanyaya shi, mai shan lita biyar-biyar yana yawo da jar wuta kullum famfonsa a zafi yake aiki. Kada allura ta sauka ƙasa da kwata. Kafin a taɓa sifana kuwa, a cire tiyo a tara man a kwalba, mai mota na tsaye yana kallo.