Ƙaurin roba a ƙofar gida

Asabar da dare.

Da la'asar muka dawo daga Zariya, ni da Maman Ummi da yara. Lafiya lau muka wuce Kwanar Dangora da Kura. Sai da na faka a ƙofar gida na kashe mota, ƙauri ya bugi hancina, irin na tayar da aka cinna wa wuta. Gabana ya faɗi. Na ce kowa ya fito ya matsa nesa.

Na zagaya tayoyin huɗu ina kara bayan hannuna kusa da kowane wili, don in birki ya riƙe, wili ɗaya kan fi sauran zafi nesa ba kusa ba. Duk ɗaya suke. Na durƙusa na leƙa ƙasa ko salansa ta kwaso leda ta narke a jikinta, babu komai.

Na kira bakanikena. Ya ce, "Alhaji, ka bar inji ya huce tukuna, kada ka kuskura ka taɓa murfin lagireto." Bayan magariba ya iso da tocila, ya buɗe bonet ya ce in matso.

A gefen injin akwai baƙin gari kamar na gawayi. Ya lakato da yatsa ya kai mini hanci, ƙaurin nan ne sak. Cikin fambel ɗin ya yi sulɓi yana sheƙi, gefensa ya fara zarewa. Da ya cire shi, ya riƙa juya fulolin, wato ƙananan wililin da bel ɗin ke bi ta kansu, da hannu ɗaya bayan ɗaya. Na altaneto ya juya sumul. Na kwampreson AC ya cije, yana ƙugi, boris ɗinsa ya mutu. Ashe duk tsawon hanya bel ɗin gogarsa yake yi yana cin kansa.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne bayaninsa. A Corolla irin tawa ta 2006, bel ɗaya ne ke juya altaneto da famfon ruwa da famfon sitiyari. Da ya tsinke a hanya, sitiyari zai yi nauyi, batir ya daina caji, inji ya ɗau zafi, ga yara uku a baya.

Kusan mako biyu ina jin wani ƙiii da safe in na tayar da ita, ina cewa sai ƙarshen wata. Har yanzu abin na cina a rai.

Makullin motar na hannun bakaniken. Litinin da sassafe zai shiga kasuwar Ƙofar Ruwa a nan Kano neman boris da sabon bel.