Na kai jikokin Hajiya kallon gawa

A ƙarshen watan Oktoba makarantun Ingila kan ba yara hutun mako guda, kuma duk mai 'ya'ya a gidan haya mai ɗaki biyu ya san wahalar wannan makon. Ba tsakar gida, ba dandali, ba gidan maƙwabta da za ka ce su je su yi wasa sai Magariba. Magaribar ma kafin ƙarfe biyar take yi da zarar an mayar da agogo baya. Sai talabijin, sai faɗa a kan waya, sai matar da ke ƙasanmu ta hau buga rufin ɗakinta da sanda wai ana yi mata tsalle a ka.

A Lids muke zaune. Maman Ummi ce ta samu aikin jinya, ni na biyo ta da yara. A Zariya malamin labarin ƙasa ne ni a sakandare, a nan kuwa kwali nake jera wa mutane da dare a wani katafaren sito. Ba na faɗar wannan a gida, abin da suka sani shi ne ina aiki a kamfani, kuma ba ƙarya na yi ba. To da ta samu 'yan kwanakin hutu, wani ɗan unguwarmu na Tudun Wada da ke zaune a gabashin Landan ya ce mu zo ya ba mu falonsa, sai muka hau motar safa ta dare saboda ta fi jirgin ƙasa araha nesa ba kusa ba. Abin da ya fi jan hankalina, tsakani da Allah, shi ne manyan gidajen tarihin Landan ba a biyan ko kwabo a ƙofa. Akwai akwatin taimako, wanda ya ga dama ya jefa. Ni na wuce shi kaina a sama.

Ranar farko lafiya lau. Muka sauka a South Kensington, muka bi doguwar hanyar nan ta ƙarƙashin ƙasa har gidan tarihin halittu. Kana shiga babban zauren sai ka ga ƙwarangwal ɗin wata dabbar teku rataye a sama, tsawonta mita 25, baki buɗe kamar za ta sauko kanka. A 1891 ta maƙale a gaɓar tekun Ayalan, a 2017 suka rataye ta a wurin. Abba ya ja hannuna ya ce ko wannan ne kifin Annabi Yunusa. Kafin in buɗe baki Ummi ta gyara masa, wai ba kifi ba ce tunda tana shayar da ɗanta nono. Na ji daɗi har cikin raina, don ni a shekarunta ban san haka ba. Suka ga dainaso mai motsi da gurnani, suka shiga ɗan shagon da ke girgiza don a nuna yadda girgizar ƙasar Kobe ta Japan ta kasance a 1995, suka ƙi fita sai da aka maimaita. Ni da na shekara da shekaru ina zana wa ɗalibai girgizar ƙasa da alli a allo, sai ga shi ƙafata ce take ji. Muka ci dafa-dukar da muka zo da ita a kula, a ɗakin da suka ware a ƙasa don masu guzuri.

Kashegari muka nufi British Museum. A nan malantata ta motsa. Na tsayar da su gaban wani dutse na garin Rashid a Masar mai rubutu iri uku, wanda sojojin Faransa suka tsinta a 1799, Ingilishi suka karɓe, yake Landan tun 1802, wanda da shi aka gano yadda ake karanta rubutun Fir'aunoni. Sai ka ɗaga yaro sama kafin ya hango shi saboda cunkoso. Muka sauka ƙasa ɗakin Afirka, inda aka jera farantan tagullar fadar Benin da sojojin Ingila suka kwaso a 1897 bayan sun ƙone birnin. Na yi musu bayani da Hausa ina haɗawa da Turanci, na ce shekara shida bayan wannan, a 1903, aka ci Kano da Sakkwato. Na ce Jamus ta fara mayar wa Najeriya nata a 2022, su kuwa nan suna da wata dokar 1963 da suke cewa ta ɗaure musu hannu. Wani dattijon Bature da matarsa suka tsaya suna saurare, har ya gyaɗa kai. Wallahi na ji kaina ya ƙara girma. Tun da na zo ƙasar nan ba wanda ya taɓa tsayawa ya saurare ni ina bayanin wani abu.

(Na taɓa raka ɗalibai Gidan Makama a Kano, amma ko da wasa ban taɓa tunanin in ɗauki iyalina in kai su ba. Ban kuma san wani a danginmu da ya taɓa yi ba. Yawon iyali a wurinmu zumunci ne, sai biki, sai suna, sai kallon hawan Daushe.)

Daga nan muka hau sama, ɗakunan mutanen Masar. Gawarwakin da aka naɗe da ƙyalle ba su dame ni ba sosai, ko ba komai suna cikin suturarsu. Sai muka ƙarasa wani ɗaki, na ga yara sun yi da'ira sun manna hanci a gilashi. Wani mutum ne kwance a ɗan rami cikin rairayi, a kan gefensa na hagu, ya takure gwiwoyinsa zuwa ƙirji, hannayensa kusa da fuska, tukwane kewaye da shi. Ba zane, ba ƙyalle, ba komai. Fatarsa ta bushe ta yi ja, ana ganin yatsun ƙafarsa ɗaya bayan ɗaya, har da sauran gashi ja-ja a kansa. Daga Jabalain aka tono shi, kudu da Luksor. Ba wanda ya shafa masa magani, zafin rairayin ne ya busar da shi, shekara wajen 5,500 ke nan, tun kafin a gina dalar Masar. Sama da shekara 100 yana kwance a nan ana kallonsa. A 2012 suka saka shi a na'urar hoton asibiti suka gano saurayi ne da bai fi shekara ashirin da ɗaya ba, kuma soke shi aka yi da makami ta baya. Daga baya ma suka gano zanen bijimi da ragon daji a damtsensa.

Ina tsaye ina karanta wannan, wayata tana hannun Ummi tana ɗaukar hoto, ashe ƙanwata ta kira ta bidiyo daga Zariya don Hajiya ta ga jikokinta. Ita kuwa ta amsa, murya a buɗe har ƙarshe.

"Takwara, ina kuka shiga haka? Mene ne wancan a bayanki?"

Ummi da 'yar Hausarta mai tsami ta juya wayar ta haska mata sosai. "Hajiya, mutum ne. Ya mutu."

Salatin da Hajiya ta saka, na tabbata har ɗaki na gaba an ji. "Innalillahi wa inna ilaihi raji'un! Ba ni ubanki!" Duk wanda ke wurin ya waiwayo. Na karɓi wayar ina laluben inda ake rage murya, hannuna yana rawa, ban ankara ba ashe na rusuna a tsakiyar ɗakin, gwiwa kusan a ƙasa, yadda na saba in tana yi mini faɗa. Baƙin mutum da jibgegiyar rigar sanyi, durƙushe gaban gawa, waya tana zazzaga masa masifa da yaren da ba wanda ya sani.

"Kai, abin da ka je yi Turai ke nan? Ka rasa inda za ka kai mini jikoki sai kallon gawa? Gawar ma tsirara?"

"Allah ya huci zuciyarki, Hajiya. Gidan tarihi ne, mutumin da ne sosai, ya yi shekara dubu biyar."

"Ko dubu ɗari ya yi, ba ɗan Adam ba ne? Ba uwa ce ta haife shi ba? A ce a garin nan kaf an rasa mai yadi biyar na alawayyo?" Sai ta yi shiru kaɗan. Ta ce, "Mahaifinka ma ba ka ga tasa fuskar ba." Ta miƙa wa ƙanwata wayar.

Kunyar Turawan ta wuce kafin mu kai ƙofa, ba su san ni ba, ba za su sake ganina ba. Maganar ƙarshen nan ce ta ƙi wucewa.

Malam ya rasu ne muna cikin sanyinmu na farko a nan. Na taso daga aikin dare ina cikin bas na ga kiran Yaya ya jeru a waya. Bayan sallar Asuba ya cika, kafin Azahar an kai shi. Haka ake yi, haka shi ma ya yi wa nasa mahaifin, ba wanda zai ajiye gawa a jira ɗan Ingila, ni ma ban nema ba. Yaya da ƙanin Malam suka yi masa wanka. An ce layin sallar ya kai har bakin titi, an ce almajiransa na da ne suka riƙa karɓar makara hannu zuwa hannu. Duk an ce. Ni ina zaune a kicin da rigar aiki, ina amsa ya haƙuri a WhatsApp. Ranar Juma'a limamin masallacinmu, ɗan Pakistan, ya yi masa salla daga nesa, mutane suka ba ni hannu suka wuce wurin aikinsu. Ba tabarma a ƙofar gida, ba wanda ya shigo da ƙwaryar kunu. A ranar sadakar uku ina bakin aiki, don a lokacin in ban je ba ba kuɗi.

Shi ya sa na kasa ba Hajiya amsa. 'Ya'yana sun ƙare wa wani saurayin Masar kallo har yatsun ƙafa, suna iya gaya maka ta inda aka soke shi, amma ba su san ta wace ƙofa ake shiga maƙabartar da kakansu yake ba. Abba sunan Malam gare shi. A motar komawa ya tambaye ni ko in mun je Najeriya za a buɗe mana Malam mu gani kamar wancan. Maman Ummi ta daka masa tsawa. Ni na ce a'a, mu rufewa muke yi, mu je mu tsaya mu yi addu'a. Ya ce to ta yaya za mu san yana ciki.

Ita maman Ummi ba ta ga abin tashin hankali ba. Ta ce ilimi ne, ita da ta karanci jikin ɗan Adam ta sani, kuma yaran sun kwana lafiya ba wanda ya yi mafarki. Ta ce Hajiya dama neman hanyar faɗar maganar take yi tun tuni, gilashin ne kawai ya ba ta. A nan ta fi ni gaskiya. Amma ni har yanzu ina ganin da sun yafa masa ko ɗan mayafi, ba abin da zai ragu a iliminsu. Na ji ma su kansu Turawan suna ta muhawara a kan ajiye gawarwaki a gidajen tarihi, to su ƙarata.

Wani abin da ban gaya wa kowa ba, tun daga ranar nake tunanin inda za a sa ni. A nan in mutum ya rasu sai an jira takardu, wani lokaci sai an yi bincike, gawa ta kwana da kwanaki a firji. Kabarin ma saye ake yi da tsada. Na ga yadda 'yan ƙungiyarmu ta Hausawa suke haɗa fam goma-goma a waya in an yi rashi. Ina bayarwa kullum, ba na tsallakewa, kowa ya san dalili.

Na kira Yaya na ce ya je ya ɗauko mini hoton kabarin in nuna wa Abba. Ya ce ai ɗan allon langa-langan da aka kafa ya yi tsatsa, damina biyu ta wanke rubutun, shi dai ya san wajen wata bishiyar darbejiya ne, ko na uku ko na huɗu daga jikinta. Daga nan ya zarce da abin da ke gabansa. Katangar gidan ta bayan ɗakin Hajiya ta zube a ruwan Agusta, an kare da buhu. Ba a gama rabon gado ba saboda ƙannenmu na ɗakin amarya sun ce sai an sayar da gonar hanyar Giwa, shi kuma ya ce ba mai sayar da gonar Malam yana raye. Kowa jira yake in zo, kamar ni ne alƙali, alhali ni ne na biyar a gidan. Fam ya mayar da ni babba.

Zuwan kuma ba wasa ba ne. Mu huɗu ne. A dogon hutun Yuli da Agusta kuɗin jirgi zuwa Abuja ninkawa yake yi, in kuwa ka cire yaro daga makaranta lokacin karatu tara ce, fam 80 kowane yaro a kan kowane mahaifi. Maman Ummi ta ce in tafi ni kaɗai a Fabrairu. Da na gaya wa Hajiya, bayan ta gama amsa gaisuwata a daƙile, cewa ta yi in ba da takwararta da maigidanta zan zo ba, in yi zamana in aiko da kuɗin siminti. Yaya ya ce buhu talatin zai isa, ban da ladan magini.