Godiya ga waɗanda suka buɗe mana ƙofofinsu

Assalamu alaikum ƴan'uwa.

Alhamdu lillahi. Ranar Asabar da ta wuce muka zauna ƙarƙashin wata bishiyar gawo a yankin Madarunfa na jihar Maraɗi a Nijar, muka karanta wa mutane da Hausa abin da bincikenmu ya gano game da yadda gidaje ke tsallake watannin da rumbu ya ƙare, sabon gero kuma bai nuna ba. Da wannan zama muka rufe aikin da ya ci mana fiye da shekara. Na rasa ta inda zan bi in gode wa kowa baki da baki, shi ya sa na rubuto nan.

Godiyata ta farko, bayan ta Allah, ga wata tsohuwa take. Ran da muka fara shiga garinsu da takardun tambayoyi, ta bar ni na gama gaisuwa tukuna, sannan ta ce: "Ɗiyata, takardun nan ina kuke kai su? Tun ina da ƙarfin daka ake zuwa ana tambayata tiya nawa muke ci, ban taɓa jin an dawo da amsa ba." Na yi shiru, kunya ta rufe ni. Na ce, "Inna, in Allah ya yarda mu za mu dawo." Ta ce Allah ya sa. Maganar nan ita ta riƙe ni duk lokacin da na ji kamar in ajiye aikin.

Kuma na so in ajiye shi. Cikin watan Agusta, muna dawowa daga wajen Jiratawa, moto ya zame da mu cikin laka kusa da Gulbin Maraɗi, ƙafata ta karye. Wasu manoma da ban san su ba suka bar noma, suka ɗora ni bisa amalanken shanu har bakin kwalta. Ɗaya daga cikinsu ya cire rigarsa ya naɗe jakar takardun don kada ruwa ya taɓa su, shi kuwa ya tafi cikin ruwan haka nan. Ban sami sunansa ba. Duk wanda ya san shi, don Allah ya isar masa da gaisuwata. Ma'aikatan likita da suka ɗora ni, da mahaifiyata da ta kwana wata biyu tana jinyata, da maigidana da ya riƙe yara bai taɓa nuna gajiya ba, Allah ya saka muku da Aljanna.

Kuɗin wannan aiki daga baitulmalin ƙasa suka fito, ta hanyar tallafin da gwamnati ke ba masu bincike. Da su muka sha mai, muka buga takardu, muka biya matasan da suka taya mu tambayoyi. Muna godiya ƙwarai ga hukumomin da suka amince da mu, da malamanmu na Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo da suka duba aikin layi bayan layi. Sai dai kullum ina tuna wa kaina asalin kuɗin: harajin mai saida aya ne a kasuwa, da na mai kai wake garin Ɗan Isa. Wanda ya biya kuɗin bincike kuwa ya cancanci ya ji sakamakonsa da harshen da yake mafarki da shi.

Abin da muka gani, mutanen karkara sun riga mu saninsa, mu dai mun tattara shi ne wuri guda. Da kaka ana saida gero da araha don biyan bashi da hidimar biki, da damina a sayo shi da tsada. Sa'ad da aka rufe iyaka da Najeriya a 2023, ga naira ta faɗi, abin da ƴan ci-rani ke aikowa gida ya zama ba ya kai ko'ina. A gidaje da yawa abin da ya tsaya tsakaninsu da yunwa shi ne akuyar mace da akwatin asusu mai kwaɗo uku, mabuɗin kowane kwaɗo a hannun mace dabam. Wannan tsari na Mata Masu Dubara a jihar nan tamu ta Maraɗi ya fara a 1991, yau ƙasashe da dama sun kwaikwaya. Jihar da ƙidayar 2012 ta nuna tana da mutane fiye da miliyan 3 ba za a tsara mata maganin talauci da ƙiyasi daga ofis ba. Don haka roƙona ga magabata shi ne kada tallafin ya tsaya a kanmu. Akwai ƙannenmu masu tambayoyi da suka fi namu kyau, kuɗin mota kaɗai ya hana su fita.

Masu gari da limamai da suka yi mana iso, shugabannin ƙungiyoyin mata da suka buɗe mana littattafan asusunsu, gidajen da suka shayar da mu fura alhali mun san tiyarsu ƙidayayya ce, na gode, na gode.

Inna kuwa ta zo zaman na Asabar, jikarta riƙe da hannunta. Ta saurara har ƙarshe, sannan ta ce mun manta da kuɗin magani, wanda a cewarta shi ke fara cinye akuya tun kafin yunwa ta iso. Matan wurin duk suka ce gaskiya ne. Mun rubuta gyaran da ta yi mana, zai shiga rahoton kafin mu miƙa shi a wata mai zuwa, in sha Allahu.