Kowa da ɗakinsa a kwamfutar gidanmu

Kwamfutar ta hannu ce, jaka tamanin na saye ta a wajen wani mai gyara a babbar kasuwar Garwa. Asusu ɗaya ne a cikinta, sunansa Admin, babu kalmar sirri. Ni a lokacin daɗi ma na ji, da an kunna sai aiki. A ciki nake rubuta bashin da makanikai ke ɗauka a shagona na kayan babur, a ciki uwargida take ajiye lissafin adashensu, in an kawo wuta kuma yara su yi ta kallo.

Wata Asabar ɗan yayana ya zo da filash, ya saka wasan ƙwallo. Da dare na zauna lissafi, sai shafukan talla suka dinga buɗe kansu. Na soka nawa filash ɗin da nake ajiye kwafin littafin bashi, na tarar duk fayilolin sun koma 'yan alamomi masu ƙaramar kibiya a gindi. Gabana ya faɗi, bashin wata bakwai ne a ciki.

Washegari mai gyaran ya kwantar min da hankali, ya ce ba a goge su ba, ƙwayar cutar ɓoye su ta yi. Bayan ya fito da su ya dube ni ya ce, "Alhaji, a gidanka wa yake danna Oui?" Ban gane ba sai da ya nuna min. Duk manhajar da za ta taɓa cikin Windows, allo yakan dushe a nemi izini, kuma wannan tsarin yana nan tun Windows Vista ta 2007. A asusun Administrateur, wato na mai iko irin Admin ɗina, Oui ("E" da Faransanci) kawai za ka danna a wuce. A asusun Standard kuwa sai an rubuta kalmar sirrin mai iko. Wato shekara biyu yaron da bai kai goma ba yana da ikon da nake da shi. Ya dai gaya min gaskiya, asusun Standard ba ya tare kowace cuta, amma yawancin ɓarnar takan tsaya a asusun wanda ya jawo ta.

Kwamfutar tawa da Faransanci take, kamar yawancin na nan. Don in buɗe wa kowa asusunsa, na shiga Paramètres, sai Comptes, sai Famille et autres utilisateurs. Ta nace sai na ba ta imel na Microsoft, amma a ƙasa akwai layin da za ka ce ba ka da bayanan mutumin, daga nan ta bar ka ka buɗe asusu ba tare da shi ba. Na buɗe uku, na uwargida, na yara, da nawa. Dukkansu Standard, har nawan. Wannan shawarar mai gyara ce, kuma na fi jin zafinta, don ni ma na saba danna Oui ban karanta ba. Admin na sa masa doguwar kalmar sirri na bar shi, sai in za a saka manhaja.

Inda na yi dariya shi ne tambayoyin tsaro guda uku da take sa ka zaɓa saboda ranar mantuwa. Garin da aka haife ka, sunan da ake kiranka da shi kana yaro, makarantar da ka fara shiga. Wanda ya tsara su bai san gidan Bahaushe ba. Wa ye a gidanmu bai san inkiyata ta yarinta ba? Kuma duk wanda ya amsa su daidai zai iya canza kalmar sirrin tun daga allon shiga. Sai na ba ta amsoshin da ba su da alaƙa da tambayar, na rubuta a takarda, uwargida ta sa a adakarta.

Kwana uku ina ganin na gama, sai 'yata ta ce, "Baba, ashe kawun su wance bai biya kuɗin tayarsa ba?" Littafin bashin a D: yake, wani ɓangare na ma'ajiyar kwamfutar, ni kuma ban san abin da ke keɓe shi ne Documents da Bureau na kowane asusu ba. D: ɗina tsakar gida ne, kowa na shiga. Ana iya gyara izinin a Propriétés, ƙarƙashin Sécurité, amma da na ji cewa Refuser (hanawa) yana danne Autoriser (ba da izini), har mutum ya iya kulle kansa a waje, sai na haƙura. Na kwashe littafin na mayar Documents ɗina, hotunan suna da na biki na zuba su a Public kowa ya gani.

Akwai kuma wata rigakafi da aka sayar min da kwamfutar da ita, wa'adinta ya daɗe da ƙarewa. Ina cire ta, Defender, rigakafin da Windows ke zuwa da shi, ya dawo aiki da kansa. Abin da ya rage min shi ne Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 tun 14 ga Oktoba 2025, tawa kuma ba ta da TPM 2.0, wani ɓangaren tsaro da Windows 11 ke nema a jikin kwamfuta, don haka ina tara kuɗin wata. In zan tashi sallah yanzu, maɓallin Windows da L nake dannawa ta kulle.

Yara sun yi fushin kwana biyu sun manta. Yaya ne mai wuya. Ya zo zai saka manhajar firinta, allo ya dushe, ya juyo ya ce, "To, ni ma sai da izini? Faɗo min lambar." Na ce, "Haba Yaya, wa ya isa, bari in hutar da kai." Na miƙe na rubuta da hannuna, jikina na kare allon madannai. Ya gane sarai, ya yi gyaran murya bai ce komai ba, ya buga takardarsa ya tafi.