Salsalar Gidan Otto: Inda Aikina Ya Kai a Mako na Shida

'Yan uwa masu koyon zanen salsala, yau mako shida ke nan da na shimfiɗa farin kwali a kan tebur na fara jera sarakunan Saksoni da suka mulki Jamus daga 919 zuwa 1024, kuma a daren jiya ne na bi reshe na ƙarshe da tawada. Sarakuna biyar ne kacal, shi ya sa da farko na ɗauka rabin kwali zai ishe ni.

Na sa Henri na Ɗaya a can sama, na ja layi miƙe da rula zuwa ɗansa Otto na Ɗaya, wanda aka naɗa a Aachen a 936, daga shi sai Otto na Biyu da na Uku, sauran 'ya'yan kuwa na matse su a gefe da ƙananan baƙaƙe. A nan kuskuren ya shigo, domin rigimar gado ta bi gidan nan tun daga tushe. Thankmar, wan Otto na Ɗaya da suke uba ɗaya, ya yi tawaye aka kashe shi a 938, sannan Henri, ƙanen Otto da suke ciki ɗaya, ya ɗaga kai har sau biyu kafin a yafe masa a ba shi mulkin yankin Bavariya. Wannan Henri da na rubuta a bakin kwali, inda ko ɗan yatsa ba zai zauna ba, ashe reshensa ne zai gaji sarauta, don da Otto na Uku ya rasu a 1002 yana ɗan shekara 21 bai bar magaji ba, jikan wancan Henri ne ya hau, wato Henri na Biyu. Sai da na goge gefen dama gaba ɗaya, har fuskar kwalin ta fara saɓulewa. Ku bar komai a fensir sai kun kai ƙarshen gida, kuma ku rubuta shekarar rasuwa a ƙarƙashin kowane suna, domin Henri huɗu ne a wannan zuri'a.

Abin da ya fi taɓa ni shi ne sha'anin matan gidan, waɗanda na ware musu shuɗiyar tawada. Da Otto na Biyu ya rasu a Roma a 983, ɗansa Otto na Uku shekararsa uku, sai Henri mai laƙabin Mai Rigima, ɗan wancan na Bavariya, ya ɗauke yaron yana neman gadon mulki. Mahaifiyar yaron, Theophanu, wadda aka auro daga Kustantiniyya, da kakarsa Adelheid su suka karɓo shi a 984, suka riƙe masa ƙasa har ya tasa. A ganina duk zanen da ya bar su a matsayin sunaye biyu kusa da mazajensu ya rage gaskiya, don haka na ja musu layin riƙon ƙwarya mai kauri.

Henri na Biyu ma ya rasu a 1024 babu ɗa, aka zaɓi Konrad na Biyu, tattaɓa-kunnen Liutgard, 'yar Otto na Ɗaya. Uwar Liutgard ita ce Edith, jikar Sarki Alfred na Wessex a Ingila, kuma ta kanta zan liƙa kwali na biyu a mako mai zuwa, in Allah Ya yarda, in fara reshen Saksonawan Ingila.